KIFI A TUKUNYARMU: Tarihin yadda ya iso Lafiya, daga Binuwai har Bahar Maliya



Da wuya a wayi gari a yini a unguwarmu ba a ɗora tukunyar da kifi ya shiga cikinta ba. Ko busasshe a miyar kuɓewa, ko soyayye a kan shinkafa da wake, ko farfesu ga mai jego da wanda ya tashi daga jinya. Abin mamaki shi ne, garin Lafiya ba a bakin babban kogi yake ba. Binuwai yana kudu da mu, kusan kilomita 100 idan aka bi hanyar Makurɗi, teku kuwa ba a maganarsa. To ta yaya kifi ya zama ɗan gida a wurinmu? Amsar tana cikin tarihin hanyoyin da suka ratsa ƙasar nan, domin kowace sabuwar hanya da aka buɗe, da irin kifin da ta zo mana da shi.

ZAMANIN ƘAFA DA JAKI

Tarihi ya nuna Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari ne suka kafa sarautar Lafiya a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. Sun fito daga ƙasar da ta san kifi, ƙasar Tafkin Chadi, kuma sun iske ƙabilun da ke kamun kifi a rafuka da kogunan yankin, irin su Mada da Dep da Ankwe, waɗanda duk a Binuwai suke juyewa. A bakin Binuwai ɗin kansa kuma akwai Jukunawa da Agatu da Bassa, mutanen da ruwa ne gonarsu. Daga baya masunta Hausawa, musamman Sarkawa da Kabawa daga ƙasar Kabi da Yawuri, suka riƙa gangarowa suna kafa tunga a bakin ruwa.

A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko, mashigin jiragen ruwa mai nisan kusan kilomita 90. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa ko da jaki. Ɗanyen kifi ba ya jure kwana ɗaya a zafin ƙasarmu, don haka duk kifin da zai yi wannan tafiya sai an sarrafa shi tun a bakin ruwa: a fasa cikinsa, a wanke, a lanƙwasa shi a soke da tsinke, a jera a kan wuta mai hayaƙi har ya bushe. Manya kuwa sai a daddatsa su gunduwa-gunduwa.

Allah kuma ya haɗa mu da wani arziki a kusa, wato gishirin Keana da na Awe da Azara, wanda mata ke tacewa daga ƙasa mai gishiri su dafa a tukwane tun ɗaruruwan shekaru. Gishiri da kifi abokan tafiya ne. Fataken da suka zo sayen ɗaya sukan haɗa da ɗayan, kuma gishirin shi ke ƙara wa kifin kwana.

Wannan ne ya sa asalin girkin kifi a gidajenmu na busasshe ne. Ana jiƙa shi da ruwan zafi, a cire ƙaya da yashi, a zuba a miyar riɗi ko ta agushi ko karkashi, a ci da tuwon dawa ko sakwara. Ɗanyen kifi kuwa sai lokacin da ruwa ya janye bayan damina, matasa suka fita su a fadamu da kududdufai da koma da gora.

Kakanninmu sun san kifayen nan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Akwai tarwaɗa da babban ɗan uwanta ramboshi. Akwai giwan ruwa, sarkin kifayen kogi, wanda kan wuce kilo 100 idan ya samu ruwa ya girma. Akwai ragon ruwa da yauni masu tsoka ba yawan ƙaya, akwai bargi mai manyan ɓawo, da karfasa, da kawara, da tsage mai haƙora kamar na kare, da ƙurungu mai ƙaya uku da ke gurnani idan an kama shi. Akwai minjirya mai jan mutum kamar lantarki, da talibambam mai kumbura ciki, da gaiwa wadda ke binne kanta a laka ta kwashe rani tana jiran ruwa. Kowanne da lokacinsa, kowanne da miyar da ta dace da shi.

JIRGIN ƘASA DA MOTAR BANDA

A shekarun 1920 Turawan mulki suka shimfiɗa layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Lafiya ya wuce Kafanchan. A 1932 aka buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai, jirgi ya daina jiran fito. Tafiyar da ake yi a kwanaki ta koma ta sa'o'i, kifin Makurɗi ya fara iso mu da sauran ɗanɗanonsa, doya da riɗinmu kuma suka samu hanyar fita.

Bayan jirgi sai mota. Babbar hanyar da ta taso daga Maiduguri ta bi ta Potiskum da Bauchi da Jos da Akwanga, ta tsakiyar Lafiya take ratsawa kafin ta kai Makurɗi da Inugu. Ta nan manyan motoci suka riƙa wucewa da bandar Tafkin Chadi daga Baga da Doron Baga zuwa kasuwannin kudu, musamman Anacha. Wani kason yana sauka a nan. Kamar dai kifin ƙasar da Barebarin Lafiya suka baro ne ya biyo sawunsu bayan shekaru fiye da ɗari.

Sai dai tafkin bai zauna yadda yake ba. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, amma farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Daga baya rikicin Boko Haram ya zo, aka kai munanan hare-hare Baga a 2013 da kuma Janairun 2015, masunta suka watse, aka kuma daɗe da hana safarar kifi daga yankin saboda tsaro. Matan da ke sayen banda a kasuwar Lafiya sun ji wannan a aljihunsu, ko da ba su taɓa ganin Baga ba.

KIFIN ƘANƘARA

A 1957 wani ɗan kasuwa mai suna Michael Ibru ya fara harkar shigo da daskararren kifi Legas. Da farko mutane ƙyamarsa suka yi, har ana kiransa kifin mutuware, don ana ganin abin da ya kwana a ƙanƙara gawa ce kawai. Sannu a hankali araha ta rinjayi ƙyama. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, aka yi rabon Udoji, motocin sanyi suka fara hawowa Arewa, ɗakunan sanyi suka buɗe a manyan garuruwa. A wurin Musulmi babu wata matsala ta fiƙihu, tunda kifi ba ya bukatar yanka, Kiristocinmu kuma sun same shi da sauƙi a lokacin azuminsu.

Daga nan sababbin sunaye suka shigo bakinmu: sukumbiya wadda wasu ke kira taitus, da kote, da shawa, da fanla. Sukumbiya mai zanen baya kifin ruwan sanyi ce ta arewacin Tekun Atlantika, ana kamo ta a wajajen Norwe da Ingila da maƙwabtansu. Wato kifin da yarinya ke tallarsa soyayye da yaji a bakin titin Shandam ya yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ya faɗa kaskonmu. Haka busasshen kifin nan mai tauri kamar icce da 'yan uwanmu Inyamurai ke so a miya, shi ma daga Norwe yake, kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara yaɗa shi, lokacin da aka riƙa kai shi agaji ga yara masu tamowa.

Kifin ƙanƙara ya sauya girkinmu. Shi ya kawo miyar dage-dage da soyayyen kifi a kan shinkafa, shi ya sa talaka ya iya saka wa yaransa tsoka a kwano ko da bai iya sayen nama ba. Bayan an ƙirƙiri Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, Lafiya ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, unguwanni irin namu suka faɗaɗa, ciniki ya ƙaru. Babban ciwon kan masu ɗakin sanyi shi ne wuta, kuma a nan Akurba ta shiga labarin, domin a ƙasarmu aka gina babbar tashar rarraba lantarkin da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Fabrairun 2022.

Amma abin da aka saya da dala, dala ce ke yanka masa farashi. Jami'an gwamnatin tarayya sun sha faɗa cewa Najeriya na bukatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuma bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba sosai. Da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a tsakiyar 2023, sukumbiyar da ake yi wa kallon abincin talaka ta fi ƙarfin gidaje da yawa.

TARWAƊAR KWAMI

Kiwon kifi ba baƙo ba ne a yankinmu. Tun 1951 aka kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, jihar da muke cikinta kafin 1996. Amma sai daga shekarun 2000 kiwon tarwaɗa ya bazu hannun jama'a, bayan an ƙware wajen ƙyanƙyasar ƙwai da haɗa abincin kifi. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska kai tsaye, tana jure cunkoso da ruwa mara yawa, tana kai girman sayarwa cikin wata huɗu zuwa shida. Wannan ya sa ake kiwonta a kwamin siminti da na tamfol a bayan gida, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen noman irin wannan tarwaɗa. A nan kusa da mu, tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu tana da sashen da ke koyar da kiwon kifi.

Da ita aka samu wuraren shan farfesu na yamma, inda mutum zai nuna wadda yake so tana iyo a baho, a yanka masa nan take. Iyayenmu mata sun san sirrin wanke ta: toka ko gishiri ko ruwan zafi don cire yauƙi, sannan citta da kanumfari da masoro da kimba da daddawa da attaruhu, a rufe da ganyen ɗoɗɗoya. Ba a juya ta da ludayi don kada ta farfashe, girgiza tukunyar ake yi.

KIFIN DA ALHAZAI KE BA DA LABARI

Akwai wani rukunin kifi da yawancinmu sai a bakin alhazai muka fara jin labarinsa, wato kifayen da ke rayuwa a duwatsun murjani na teku mai ɗumi. Gaɓar tekun Najeriya ba ta da irin waɗannan duwatsu masu yawa, saboda lakar da Neja da sauran koguna ke zubawa tana dagula ruwan, murjani kuwa sai a ruwa garai-garai mai hasken rana yake girma. Bahar Maliya ce ke da su, daga gaɓar Sudan har ta Saudiyya.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan teku. Kafin jirgin sama, mahajjata a ƙafa suke tafiya ta Borno da Wadai da Darfur, wasu su shekara da shekaru a hanya suna aikin ƙodago, har su kai Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nil. Har yau jikokin waɗannan matafiya suna Sudan da Makka da Jidda, kuma Hausawan Sudan sun yi suna wajen kamun kifi a kogunan ƙasar.

Wanda ya shiga babbar kasuwar kifi ta Jidda, wadda ake kira Bangala, zai ga launukan da bai taɓa gani a Binuwai ba. Akwai najil, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, wanda ya fi kowanne tsada. Akwai hamur mai faɗin baki da farar tsoka, akwai sha'ur, akwai kuma harid mai launin kore da shuɗi, wanda haƙoransa suka haɗe kamar bakin aku. Mutanen Hijaz sukan tsattsaga jikin kifin su cusa tafarnuwa da kayan ƙamshi da lemun tsami, su soya a mai mai yawa ko su gasa, su ci da shinkafar sayadiyya wadda ake dafawa da albasar da aka soya har ta yi duhu. Abin da ke ba Bahaushe dariya shi ne mahaɗin da ake ajiyewa a gefe: ruwan tsamiya ne da yaji, tsamiyar nan dai ta kununmu.

Ga gargaɗi ga 'yan uwa masu tafiye-tafiye. Wasu manyan kifayen murjani masu cin 'yan uwansu, musamman a tsibiran Karebiyan da na Tekun Fasifik da Tekun Indiya, sukan tara wata guba da ake kira sigwatera. Asalinta daga wasu ƙananan halittu ne da ke manne a jikin ciyawar teku. Ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, gubar ta taru a jikin babban. Dahuwa ba ta kashe ta, ƙanƙara ma haka, kuma ba ta da wari. Tana kawo amai da gudawa da ƙaiƙayi, har mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar wuta. Shi ya sa masana ke cewa a guji mafi girma a cikinsu, a kuma guji hanta da kai da ƙwai.

Darasin da ya fi shafarmu shi ne yadda ake tsare su. Harid yana kankare gansakukar da ke rufe murjani, idan aka kame shi duka sai duwatsun su mutu, sauran kifaye su watse. Saboda haka ƙasar Beliz ta haramta kama shi tun 2009. Saudiyya kuma takan rufe kamun najil na wata biyu duk shekara a lokacin da yake zuba ƙwai. A tsibiran Farasan, kamun harid biki ne na shekara-shekara, lokacin da yake taruwa a gaɓa.

MU MA MUNA DA IRIN WANNAN

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a siffarsa ta yanzu a 1934 don karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ruwan Matan Fada a tsare yake, ba mai jefa koma sai an ba da izini. Shi ya sa a bikin 2020 aka fito da kifi mai kilo 78. A Ibi ta Jihar Taraba, a bakin Binuwai ɗinmu, akwai bikin tafkin Nwonyo. Sarkin Ruwa a da ba sarautar ado ba ce, shi ke cewa yau a shiga, gobe a bari.

Kifin kogi da ambaliya yake haihuwa. Idan ruwan damina ya cika ya malala fadama, iyaye su bi shi su zuba ƙwai a cikin ciyawa, 'ya'yan su girma a nan, ruwa na janyewa su koma kogi. Madatsar Lagdo da Kamaru ta kammala a 1982 ta sauya wannan tsari, wata shekarar ruwan bai isa fadama ba, wata shekarar kuma, kamar 2012 da 2022, ya zo da ɓarnar da ta cinye gidaje da gonaki a garuruwan bakin kogi irin su Tunga da Loko. Wannan ba a hannunmu yake ba. Wanda ke hannun mutane shi ne kamu da gidan sauro da ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, da zuba gamalin a rafi, da yayyafa fiya-fiya a kan busasshen kifi don korar ƙwari. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, in ban da wasu 'yan nau'o'i. Hukumar NAFDAC ma ta sha jan kunne a kan sa maganin ƙwari a abinci. Doka tana nan, mai tsare ta ne ya yi ƙaranci.

Mu a Akurba ba masunta ba ne mafi yawanmu, masaya ne, kuma mai saye yana da ƙarfin da bai sani ba. Idan matanmu suka ƙi sayen tarin 'yan mitsi-mitsin kifin da aka kwaso da gidan sauro, mai kawowa zai daina. Idan busasshen kifi yana warin magani, ko aka ga ƙuda ba ya kusantarsa sam, a bar shi a tire. Matasanmu masu kwami su koyi ƙyafe tarwaɗa da kyau, domin wadda aka busar ba ta jiran wutar lantarki, kuma kasuwarta ba ta mutuwa. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji Hausawa, amma yau kifin ne ke bukatar mu gan shi.

Abu na ƙarshe shi ne sunaye. A tambayi yaro ɗan sakandare a unguwar nan ya lissafa kifi biyar, zai ce taitus, kote, shawa, fanla, tarwaɗa. Huɗu daga ciki ba su taɓa shan ruwan Binuwai ba. Wanda bai san yauni ko ragon ruwa ba, ba zai ji zafin ɓacewarsu ba. Muna roƙon dattawanmu maza da mata, Bahaushe da Kambari da Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Tibi, kowa ya zaunar da jikokinsa ya faɗa musu sunayen kifayen nan da harshensa, da miyar da ake yi da kowanne. Matasa kuma su rubuta su ajiye, mu tattara su wuri ɗaya don na baya.

Allah Ya albarkaci ruwayenmu da gonakinmu, Ya ba mu lafiya da zama lafiya a Akurba da Jihar Nasarawa baki ɗaya. Amin.